Yadda Ake Zaɓen Birkin Rim ga Keke Mai Giya Ɗaya

Keke mai giya ɗaya, wato wanda ba a canja masa giya ko a tudu ko a gangare, shi ne ya fi yawa a ƙasar Kabi, tun daga na manomin da ke sauka fadama da asuba har zuwa na ɗalibin da ke zuwa makaranta a Birnin Kebbi ko Argungu. Dalilin yawansa a fili yake, domin kayansa kaɗan ne, gyaransa ba ya cin kuɗi, kuma babu mai gyaran da ke zaune a inuwar bedi a bakin hanya da bai san cikinsa da wajensa ba. Sai dai wannan sauƙi nasa kan sa mutane su ɗauka cewa birkinsa ma ba ya bukatar lissafi, a shiga kasuwa kawai a ce a ba da birki, a kawo a ɗaura.

Ni ma haka na ɗauka a lokacin da na sayi wani keken gwanjo da ya zo ba birkin baya. Na shiga kasuwar Jega na ɗauki birkin da ya fi sauran ƙyalli, na ɗaura shi da kaina, na ga robar tana ɗan taɓa gefen taya idan an matse, amma na ce ai za ta saba. Ba a yi mako uku ba robar ta ci gefen tayar har zare ya fito, tiyub ya leƙo ya fashe ina tsakiyar hanya da rana tsaka. Dattijon da na tura keken wurinsa ya dubi birkin, ya dubi rim, sannan ya ce, "Malam, wa ya auna maka wannan?" Na ce, "Baba, ai ban san ana aunawa ba." Ya ce, "To, keke shi ke zaɓen birkinsa, kai naka biyan kuɗi." Abin da zan bayyana shi ne yadda ake gane wanda keken ya zaɓa kafin a biya kuɗin, kuma maganata ta tsaya ne a kan birkin da ke kama rim, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai, ban da na cikin hob, wato cibiyar wili, da na faifai.

Keke mai giya ɗaya da ke da firiwil, wato wanda tayarsa ke ci gaba da juyawa ko an daina taka feda, ba shi da wata hanyar tsayawa sai birkin hannu, saboda haka biyu yake bukata, gaba da baya. Da yawa daga cikin kekunanmu na yawo da na baya kaɗai, wasu ma da gangan masu su suka cire na gaba don tsoron kada ya kifar da su. Wannan kuskure ne, domin idan aka ja birki nauyin keke da na mahayi kan koma kan tayar gaba, ta baya ta yi sakayau ta fara jan ƙasa, kuma a kan busasshiyar kwalta birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin. Gaskiya ne idan an ɗora buhun shinkafa ko na albasar Aliero a kan kariya tayar baya kan ƙara kama ƙasa, kuma gaskiya ne a cikin yashi ko a kwana mai tsakuwa na baya ya fi aminci. To amma waya kan tsinke ba sallama, kuma ranar da ta tsinke a gangare, mai birki ɗaya sai dai ya koma birki da tafin takalminsa.

Aikin zaɓe yana farawa ne a gida, a gindin keken. A durƙusa a dubi saman fok, inda ƙafafunsa biyu suka haɗu, a kuma dubi 'yar gadar ƙarfen da ta haɗa sandunan firam biyu a saman tayar baya. Idan rami guda ne a tsakiyar kowanne, keken na birkin kalifa ne, wato mai siffar awartaki wanda ake ratayawa da ƙusa ɗaya ya rungumi taya daga sama. Idan akwai 'yan turaku biyu da aka yi wa walda a jikin ƙafafun fok, ɗaya dama ɗaya hagu, ƙasa kaɗan da gefen rim, to na birkin V ne ko na kantiliba, waɗanda ake ɗaura kowace ƙafarsu a kan turke ɗaya, kuma ramin da za a gani a saman irin wannan fok na ɗaura madigadi ne, kada ya ruɗi kowa. Idan kuwa tsohon keken nan ne baƙi mai tsayi, irin Raleigh ko Phoenix ko Hero, wanda hannayen birkinsa ke manne da kan keke, siraran sanduna kuma na saukowa daga gare su, na birkin sanda ne. Waɗannan ukun ba su ara wa juna kaya, kuma duk inda aka ce maka za a yi dabara a haɗa, dabarar a aljihunka za ta ƙare.

Birkin sanda shi ne wanda iyayenmu suka sani, kuma har gobe shi ke kan mafi yawan kekunan ɗaukar kaya a karkara. Tayar irin wannan keke ita ce mai inci 28 da 1½, wadda ake rubuta wa lamba 635 a gefe. Aikinsa ya bambanta da na sauran, domin robobinsa ba gefen rim suke matsa ba: wani ƙarfe mai siffar likkafa ne ke ɗauke da su ta cikin rim, wajen da sifok ke shiga, sai sanda ta ja likkafar waje robobin su danne rim ɗin ta ciki. Shi ya sa rim ɗinsa, wanda ake kira Westwood, yake da faffaɗan ciki mai tudu a tsakiya da gefuna masu lanƙwasa, kuma a kan lanƙwasasshen gefe irin wannan robar kalifa ba ta samun wurin zama. Akwai wani rim na tsaka-tsaki da kamfanin Raleigh ya yi amfani da shi, mai tudun cikin da kuma miƙaƙƙun gefuna, wanda ke karɓar birkin sanda da na waya duka, kuma hanyar gane shi ita ce a shafa gefen da yatsa a ji ko shafaffe ne a miƙe.

Amfanin birkin sanda shi ne babu wayar da za ta tsinke ko ta yi tsatsa, idan sanda ta lanƙwashe ko maƙerin unguwa zai miƙe ta. Illarsa kuwa gaɓoɓi ne masu yawa, musamman na baya da ke bi ta ƙarƙashin firam, kuma kowace gaɓa tana cin wani ɗan kaso na abin da hannu ya ja, har ka ga hannun birki ya taɓa kan keke alhali roba ba ta gama kama rim ba. Ga shi ba ya haƙuri da rim ɗin da ya yi ƙwai, domin duk inda rim ya yi tudu ko kwari sai birkin ya riƙa kamawa yana saki. Ra'ayina dai shi ne wanda kekensa na sanda ne ya bar shi a sandarsa, saboda mayar da shi na waya yana nufin sayen sabon rim da sabon kan keke da hannaye, kuɗin da ya kusa rabin na wani keken. Abin da za a zaɓa a nan shi ne likkafa mai kauri wadda ba ta buɗewa idan an ja ƙafafunta da hannu, da sandunan da zarensu bai cinye ba, da 'yan maƙalai biyu da ke riƙe likkafar a jikin fok, waɗanda idan suka yi sako-sako birkin kan riƙa rawa yana ƙara. A kuma lura da 'yar kwalfar ƙarfen da roba ke zama ciki: gefe ɗaya a rufe yake, ɗaya a buɗe, kuma rufaffen ne zai fuskanci inda rim ke nufa idan keke na tafiya gaba. Idan aka juya ta, rim zai zare robar ya jefar a daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Birkin kalifa shi ne inda awo ya zama wajibi, kuma a nan ne ni na faɗi. Abin da ake aunawa shi ne tsawon ƙafa, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar ramin ƙusa da tsakiyar gefen rim inda roba ke kamawa. A bar taya a ɗaure a mazauninta, a ɗauki rula mai milimita ko tef ɗin tela, a auna daga tsakiyar ramin zuwa tsakiyar gefen rim, a rubuta. A auna gaba daban, baya daban, domin a tsofaffin kekuna ba lallai su zo ɗaya ba. Kowace ƙafar birki tana da tsagar da ake matsar da roba sama ko ƙasa a cikinta, saboda haka masu ƙerawa kan ba da lamba biyu, ta farkon tsaga da ta ƙarshenta. Gajeren kalifa na kekunan tsere yakan kai daga milimita 39 zuwa 49, matsakaici daga 47 zuwa 57, dogo kuma, kamar Tektro R559, daga 55 zuwa 73, akwai kuma waɗanda suka fi haka tsawo na kekunan cikin gari masu kaurin taya da madigadi. Birkin da ke zube a faranti a kasuwa ba kasafai yake zuwa da kwali ba, balle lamba, don haka a tafi da rular a aljihu a auna shi a gaban mai shago, daga tsakiyar ƙusa zuwa saman tsaga, sannan zuwa ƙasanta. Wanda bai da rula ya karya tsinke daidai tsawon tazarar ya tafi da shi, yana yin aikin.

Kada a ce tunda dogo yana kaiwa ko'ina a sayi mafi tsawo a huta. Iyakar tsawon ƙafa iyakar lanƙwasarta idan an matse, kuma iyakar raguwar ƙarfin da ke isa ga roba, saboda haka mafi gajarta daga cikin waɗanda suka kai da rara shi ake nema. Sannan a duba ko taya za ta wuce ta ƙarƙashin bakan birkin ba tare da guga ba, domin gajeren kalifa da wuya ya karɓi tayar da ta wuce milimita 28 a kauri, kuma mai bin hanyar fadama da damina yana bukatar sararin da laka za ta wuce, in ba haka ba kowane taku ɗari sai ya sauka ya nemi kara ya sakace.

Abin da ya jefa ni cikin matsala shi ne canjin rim da wani ya yi wa keken kafin ya iso hannuna. An ƙera firam ɗin ne don tayar inci 27, mai lamba 630, amma aka sa masa mai lamba 622, wadda ake kira 700C. A ido ɗaya suke, sai dai gefen rim ɗin ya sauka ƙasa da milimita 4, kuma waɗannan milimita huɗun ne suka ci mini taya da tiyub. Lissafin inci yaudara ne da shi, domin inci 26 na keken hawan dutse lambarsa 559, inci 26 da 1⅜ da ke zuwa a kan kekunan Japan na gwanjo kuma lambarsa 590, ga suna ɗaya ga girma daban. Lambar nan mai alƙaluma uku da ke gefen taya ita ce abin dogaro. Tunda an ambaci kekunan Japan, yawancinsu birkin baya na jikin hob ne, a bar shi yadda yake, amma na gaba kalifa ne na siririn ƙarfe mai saurin lanƙwasa, kuma canja shi da mai ƙwari na daga cikin gyare-gyaren da ake ganin amfaninsu tun ranar farko.

Akwai wani abu da ya keɓanta da keke mai giya ɗaya wanda masu keken giya ba su san da shi ba. Keken giya yana da abin da ke ɗame sarƙa da kansa, don haka tayarsa ta baya wuri guda take zama har ta tsufa. A mai giya ɗaya kuwa, idan sarƙa ta saki tayar ake ja baya a cikin tsagar firam, idan an rage sarƙa ko an sa sabuwa kuma tayar ta dawo gaba. Cire gaɓa guda cikakkiya daga sarƙa, wato inci ɗaya, yana dawo da aksul, wato sandar da ke tsakiyar wili, gaba da kusan milimita 13, canja firiwil da wanda ya bambanta da haƙori ɗaya kuma yana matsar da shi kusan milimita 3. Duk inda aksul ya je rim na biye da shi, birki kuwa yana nan inda aka ɗaure shi. A firam ɗin da tsagarsa ke buɗewa ta gaba a karkace canjin kaɗan ne, amma a wanda tsagarsa ke miƙe tana buɗewa ta baya wani kaso mai yawa na wannan motsi yana komawa kan tsawon ƙafar da ake bukata. Saboda haka birkin baya da robarsa ta kai rim da ƙyar a ƙarshen tsaga bai dace ba, ko da yau yana aiki, domin ranar da aka ja taya baya robar za ta koma kan taya. A nemi wanda awon ya faɗa a tsakiyar tsagarsa, da rarar aƙalla milimita 3 ko 4 sama da ƙasa. Mai birkin sanda ma bai tsira ba, domin jan taya baya yana kusanto da rim ga robobin har su fara guga, sai an sassauta notin sanda an sake saiti.

Bayan tsawon ƙafa sai ƙusar da ke riƙe birkin. Ta gaba ta fi ta baya tsawo saboda kaurin saman fok, don haka idan ɗaya kawai za a saya a faɗi na inda ake so. Iri biyu ce kuma: mai doguwar ƙusa da ke ratsa ramin ta fito a ɗaure ta da noti daga waje, wadda ita ce ta tsofaffin kekuna da mafi yawan namu, da kuma mai gajeriyar ƙusa wadda notinta ke nutsewa cikin rami a ɗaure da alanki, ita kuwa sai ramin baya ya kai milimita 8 maimakon 6. Idan aka ga noti a waje a tsohon birkin, a nemi mai noti a waje, kada a yarda a faɗaɗa ramin fok da injin huda a bakin hanya.

A tsakanin kalifa kansu, wanda ya fi yawa kuma ya fi araha shi ne mai majuyi ɗaya, wanda ƙafafunsa biyu ke juyawa a kan ƙusar tsakiya. Halinsa shi ne karkacewa gefe guda, roba ɗaya na gugar rim ɗaya na nesa, kuma na ƙarfen da aka buga siriri yakan lanƙwashe gaba idan an ja shi da ƙarfi. Mai majuyi biyu, wanda kamfanin Shimano ya yaɗa a farkon shekarun 1990, ya fi shi kamu da ɗan ƙaramin matsi, kuma idan an saita shi a tsakiya yana zama. Duk da haka yana da sharaɗi: ba ya bin rim ɗin da ke rawa dama da hagu yadda mai majuyi ɗaya ke bi, ga shi robobinsa kusa da rim suke zama, don haka wanda hanyarsa ramuka ce kuma bai cika kai wili a ɗaure masa sifok ba zai sha guga. Ni dai zaɓina mai majuyi biyu a gaba, bayan an miƙe wilin. Idan kuma keken gwanjo ya zo da tsohon birkin da ake ja ta tsakiya, irin na Mafac ko Weinmann, kada a yi gaggawar jefar da shi, domin ƙafafunsa dogaye ne masu ƙwari, galibi sabuwar roba da sabuwar waya kawai yake nema. Kowane iri aka ɗauka, a matse ƙafafunsa da hannu a saki a ga ko sifirin na mayar da su nan take, a kuma girgiza su gaba da baya a ji ko akwai sako-sako a majuyi.

Ga keke mai turaku kuwa zancen gajere ne: birkin V, wanda Shimano ta fitar a 1996, ya fi kantiliba sauƙin saiti da ƙarfin kamu, kuma kayansa sun fi samuwa. An kafa turakun ne daidai girman wili guda, don haka a nan canja girman rim ba kasafai yake yiwuwa ba. Wanda ya zaɓi ya ci gaba da kantiliba ya tabbata akwai madigadi ko wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin gajeriyar wayar da ta haɗa ƙafafun biyu, domin idan babbar waya ta tsinke, ƙaramar kan faɗa kan haƙoran taya ta tsayar da wilin gaba cak.

Inda aka fi yin kuskure da birkin V shi ne hannu. Hannun birkin V yana jan waya kusan ninki biyu na abin da hannun kalifa da kantiliba ke ja, kuma a ido kama suke yi. Idan aka haɗa birkin V da hannun kalifa, hannun zai taɓa kan keke kafin roba ta kama sosai. Idan aka haɗa kalifa da hannun V, za a ji shi da tauri kamar birki na ƙwarai, amma keken ba zai tsaya ba, kuma wannan ya fi haɗari saboda yana ruɗar mai gwadawa a tsaye. Mafita ita ce a sayi birki da hannunsa tare. Miƙaƙƙen kan keke kaurinsa milimita 22.2 ne a wurin riƙo, lanƙwasasshe na tsere kuma 23.8, saboda haka maƙalin hannun ma sai an duba. Hannun alminiyam ya fi na roba, wanda ranar Afrilu ta Kabi kan gasa har ya riƙa lanƙwasa ko ya karye a hannu. Kekunan gwanjo kuma daga ƙasashe daban-daban suke, wani birkin gabansa na hannun dama, wani na hagu, don haka a ɗaura shi a hannun da mai keken ya saba, kuma duk wanda ya ari keke ya gwada kafin ya hau.

Duk abin da aka faɗa a sama yana ƙarewa ne a inda roba ta haɗu da rim, kuma nan ne kuɗi kaɗan ke kawo bambanci mai yawa. A fara sanin rim ɗin na ƙarfe ne ko na alminiyam, kuma maganaɗisu zai raba gardama, domin yana kama ƙarfe ba ya kama alminiyam. Rim ɗin ƙarfe mai ƙyalli yana kamu daidai gwargwado a rani, amma da zarar ya jiƙe sai roba ta riƙa sulɓi a kansa, keke ya yi tafiya ninkin-ba-ninkin kafin ya tsaya, abin da duk wanda ruwan Agusta ya taɓa tsarewa a hanya ya sani. Akwai robar da aka dasa wa fata a fuska musamman don irin wannan rim, kamar wadda kamfanin Fibrax na Birtaniya ya ƙera, kuma idan an same ta a saya, sai dai ba a sa ta a kan alminiyam. Idan ba a samu ba, a riƙa ɗan matsa birki tun da nisa domin roba ta share ruwan kafin a zo wurin tsayawa. Rim ɗin alminiyam ya fi kamu nesa ba kusa ba a cikin ruwa, amma shi kuma cinyewa yake yi, kuma lakar fadama da ƙurar hunturu idan suka maƙale a roba tamkar samfefa suke. A riƙa shafa gefensa, idan an ji ya yi kwari kamar cokali ko layin da aka zana masa ya ɓace, lokacin canji ya yi, domin iskar taya na iya tsaga shi. Akwai kuma rim ɗin da aka yi don birkin faifai, wanda ba shi da shafaffen gefe ko kaɗan, kuma yana yawan shigowa cikin kayan gwanjo, kada a ɗora masa birkin rim.

Ita robar, a danna ta da farce tun a shago. Wadda ta yi shekaru a rana takan ƙandare kamar itace, farce ba ya shigarta, kuma ba ta kama komai sai ƙara. Wadda ta cika laushi kuma wata biyu ta ƙare ta bar baƙin gari a rim. A tafi da tsohuwar domin a gwada gindinta, saboda ta kalifa da ta V da ta kantiliba mai santsin sanda kowace da irin maɗaurinta. Mai sauka gangaren ƙasar Zuru da kaya ya fi kowa bukatar roba ta gari, kuma ya riƙa karɓa-karɓa tsakanin gaba da baya maimakon riƙe ɗaya tun daga sama har ƙasa, domin rim na ɗaukar zafi sosai.

Wayar birki kaurinta kusan milimita 1.6 ne, kubenta kuma milimita 5, kuma kanta iri biyu ne, mai kamar ganga na miƙaƙƙen kan keke da mai kamar ɗan goro na kan tsere. Kuben wayar giya ya fi siranta, kuma zarurrukan ƙarfen cikinsa a miƙe suke maimakon a naɗe, saboda haka yana iya fashewa idan aka matsa masa da ƙarfin birki, kada a karɓe shi ko da shi kaɗai ya rage a shago. A shafa wa waya ɗan giris kafin a zura ta, a yanke kube daidai yadda kan keke zai juya dama da hagu ba tare da ya ja birki ba, kuma kada ɗigon mai ya taɓa rim ko roba.

Wajen ɗaurawa, a fara da miƙe wili, a tabbata yana tsakiyar firam kuma sarƙa ta ɗamu yadda ake so, sannan a zo kan birki, domin idan aka juya wannan jeri sai an maimaita aikin. A saita roba ta kwanta duka a gefen rim, samanta ya yi ƙasa da bakin rim da milimita 1 ko 2 yadda ba za ta taɓa taya ba, ƙasanta kuma kada ya zarce ya leƙa wajen sifok. Bakinta na gaba ya riga na baya taɓa rim da kamar milimita 1, abin da ake samu ta hanyar cusa ɗan kwalin ashana a bayan robar yayin ɗaurewa, wannan ne ke kashe kukan birki. Tazarar kowace roba da rim ta kasance kusan milimita 2. Daga nan a tura keken a matse na gaba, ya kamata tayar baya ta ɗaga, a matse na baya, ya kamata tayar ta ja ƙasa, kuma a duka biyun ya zama akwai sararin yatsa tsakanin hannun birki da kan keke. A matse da iyakar ƙarfi sau goma a ga ko waya ta zame daga notinta. Sabuwar waya da kube kan zauna su ɗan saki a makon farko, don haka a koma a ƙara ɗamewa, sannan duk ranar da aka ja tayar baya domin ɗame sarƙa, kafin a mayar da sufana cikin jaka a sunkuya a matse birkin a ga inda robar ta sauka.